Gwangwamar da na dasa a bakin wurin alwala

Maƙwabciyata ce ta fara ba ni saiwar gwangwama, furen nan mai ganye kamar na ayaba wanda masu sayar da fulawa ke kira kana. Guda biyar ta naɗo mini a tsohuwar jarida, kowace kamar ɗanyar citta, da 'yan idanuwa a jiki. Ta ce, "Maman yara, ki ba ta rana da ruwa, sauran ki bar wa Allah."

Ban ji maganarta duka ba. Na haƙa rami mai zurfi a gindin darbejiya, don ina ganin inuwa gata ce, na kuma zuba ɗanyen kashin shanu. Sati biyar shiru. Da na tona, uku sun ruɓe, sun yi laushi suna wari, gara ta shiga ta huɗu. Ɗaya ce ta tsira, ita ma ta fito siririya, ba ta yi fure ba har damina ta wuce. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin kyauta ce aka ba ni da zuciya ɗaya.

Da bazara ta zagayo na tone ta, na tarar ta yi 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Na yanka ta gida uku da wuƙa mai tsabta, kowane yanki da ido biyu ko uku, na bar su kwana biyu a inuwa bakin yankan ya bushe. Wannan karon bakin wurin alwala na kai su, inda rana ke bugawa tun hantsi har la'asar, ƙasar kuma ba ta rabuwa da danshi amma ruwa ba ya kwanciya. Zurfin ramin bai wuce santimita 10 ba, idanuwan suna kallon sama, tsakanin kowane biyu kusan rabin mita. Takin da na sa ya riga ya ruɓe, ya koma baƙi kamar ƙasa.

Cikin sati biyu tsiro ya ɓullo a nannaɗe kamar tabarma, yana warwarewa a hankali. Kafin wata uku ta kai mini ƙirji, jan fure ya buɗe a kai. Duk karan da ya gama fure nakan sare shi daga ƙasa, sababbi su taso a gefensa.

Asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, shi ya sa zafinmu bai dame ta ba. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka sai an tone saiwar an adana kafin sanyi, mu kuwa a ƙasa muke barinta. Hunturu ne kawai ke ƙona mata bakin ganye, sai in rage busassun, in ƙara ruwa da yamma.

'Ya'yan da furenta ke yi baƙaƙe ne, ƙwalaye masu taurin tsiya, yara na tsinta su yi wasa. Na gwada shuka su, sai da na goge ɓawon da magagari na jiƙa kwana ɗaya kafin suka tsiro. Bana kuwa saiwar ta cika wurin har ta fara matse juna, na raba, na aika wa maƙwabciyata guda bakwai a cikin kwano.