Jirgin da ya kai ni Jidda

Wallahi har yau in na ga jirgin Max Air ya ratsa saman Kano sai jikina yai sanyi. Shi ya kwashe mu aikin hajji daga filin jirgin Malam Aminu Kano, katon Boeing 747 mai bene da inji 4, shata aka yi ba kowa ciki sai alhazai, wata tsohuwa a gefena ta rike carbi gam tana ta labbaika har muka sauka. Kamfanin Alhaji Dahiru Mangal ne na Katsina, tun 2008 suke jigilar nan, suna daukar kaya ma. Da kofa ta bude iskar Jidda mai zafi ta bugi fuskata, kawai sai hawaye.