Kafin ka ɗora reza a kan gilashin sabon gini

Idan an gama gini, ɗan kwangila na ɗokin miƙa wa mai gida makulli, mutum na ƙarshe da ake nema shi ne mai wankin tagogi. Ko a Abuja kake ko a Kano, maganar ɗaya ce: "Malam, ka ɗan goge mana gilasan nan, ƙura ce kawai." Ƙanena, kada ka yanke farashi a waya. Ka je ka gani da idonka, ka shafa da hannunka.

Abin da za ka tarar ya wuce ƙura. Akwai feshin siminti daga masu filasta, da ɗigon fenti, da ragowar silikon, da gam ɗin ledar da aka rufe taga da ita wadda rana ta gasa har ta manne. Wani lokaci ma akwai tartsatsin walda, domin an sa gilashi kafin a haɗa ƙarafunan tsaro. Kowanne da irin yadda ake fitar da shi, akwai kuma wanda ba ya fita har abada.

Siminti ya fi komai ba ni tsoro, saboda yashin da ke cikinsa ya fi gilashi tauri. A ma'aunin Mohs da ake gwada taurin duwatsu da shi, yashi yana mataki na 7, gilashi kuwa wajen 5.5. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bakin reza ko a cikin tsumma, ka ja ta, ta bar maka layi daga sama har ƙasa. Ban da haka, siminti yana da kaifi irin na ruwan toka. Idan ya daɗe a kan gilashi ruwa na dukansa yana bushewa, sai ya ci fuskar gilashin, ko ka cire shi tabon yana nan.

Ni gilashin da ake kira tamfad ne ya koya mini hankali, wato wanda idan ya fashe yake dagargajewa ƙanana maimakon ya tsage kamar wuƙa. Ana gasa shi ne a zafin da ya haura digiri 600, sannan a sanyaya shi da iska cikin gaggawa, shi ya sa ya ninka gilashi na gama-gari ƙarfi kamar sau 4. Sanin wannan ne ya ruɗe ni, na ɗauka abin da ke da ƙarfi haka ba zai ji reza ba. Ashe ƙarfinsa na jure duka ne, fuskarsa kuwa tana karcewa kamar ta kowane gilashi. Kuma idan masana'anta ba ta wanke shi sosai ba kafin a gasa, ɓurɓushin gilashi da ido ba ya gani sukan manne a fuskarsa. Reza ta zo ta ɓamɓare su, ta ja su.

A wani sabon gida mai manyan ƙofofin gilashi na yi wannan ɓarnar. Na jiƙa, na sa sabuwar reza, na bi kowace ƙofa daga gefe zuwa gefe. Ina jin wani ɗan ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin hannuna, na ce ai siminti ne ke fita. Da safe komai fes. Da la'asar rana ta bugo ta yamma, sai ga siraran layuka birjik. Mai filasta ya ce shi ba ya taɓa gilashi, wanda ya sa tagogi ya ce lafiya lau ya bar su. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango nawa, kuma gaskiya hannuna ne na ƙarshe. Kuɗin aikin ya tafi, na ƙara da na aljihuna, ɗan kwangilar nan bai sake kirana ba. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini ciwo.

Don haka kafin ka jiƙa ko taga ɗaya, ka nemi injiniya ko mai kula da aikin ku zagaya tare. Duk karce, duk tsagewa, duk tabon walda, ka nuna masa ka ɗauki hoto da wayarka yana tsaye. Ka duba kusurwar gilashi, tamfad yakan zo da ɗan tambari a can. Sannan ku rubuta a takarda cewa cire siminti da fenti na iya barin karce, kuma an amince ka yi. A Amurka masu wannan sana'a da yawa ba sa fara aikin sabon gini sai an sa musu hannu a irin wannan takarda. Mu nan kunya ke hana mu, muna ganin kamar rashin yarda ne da Alhaji. Ka faɗa da ladabi: "Ranka ya daɗe, don kada gobe mu samu saɓani ne." Mai niyyar biyanka ba zai ƙi ba.

Farashin ma daban ne. Tagar da za ka wanke cikin minti kaɗan a gidan da ake zaune za ta iya cinye maka awa guda a sabon gini. Wanda ya karɓi kuɗin wanki ya shiga aikin kankara, dole ya yi sauri, saurin kuma shi ke jawo karce.

Wajen aikin, ruwa ne babban makaminka. Ka fara kwarara shi ya tafi da yashi da ƙura, musamman lokacin hunturu. Ka jiƙa da ruwan sabulu ka ba shi lokaci ya yi laushi, ka gwada abin kankara na roba tukuna. Idan reza ta zama dole, a kan ɗigon kawai, sabuwa marar tsatsa, gilashi a jiƙe, ka tura gaba ka ɗaga, kada ka dawo da ita baya a kan gilashin. Ka fara gwaji a wata kusurwa ta ƙasa, ka haska da tocila ta gefe. Da ka ji ƙaras, ka tsaya. Gilashi mai shafe irin na madubi, ko wanda aka manna wa baƙar leda, kada ƙarfe ya taɓa shi sam.

Za a ba ka shawarar asid ɗin da masu tayil ke wanke siminti da shi. Ka ƙi. Yana cin firam ɗin alminiyam, yana ƙona hannu da ido, wasu magungunan ma suna dusashe gilashin kansa. Tartsatsin walda da na giranda kuwa ƙarfe ne mai zafi da ya narke ya shige cikin gilashi, in ka ɓamɓare shi rami zai bari. Ka gaya wa mai aiki tun farko cewa wannan sai dai a canza gilashin, kuma ba ka sa shi cikin lissafinka ba.

Idan kana da ɗan kwangilar da kuke aiki tare a kai a kai, ka roƙe shi ya riƙa kiranka tun ana filasta. A rufe tagogi kafin a fara, a kare su da katako in za a yi walda kusa, simintin da ya fantsama a wanke shi ranar tun yana ɗanye, ledar kuma a ɓare ta da zarar an gama fenti, kafin rana ta gasa gam ɗin.