Reshen magarya da kaskon ruwa: yadda na gyara hotunan tsuntsaye a tsakar gidanmu

Na shafe kusan wata uku ina ɗaukar tsuntsaye a tsakar gidanmu da ke Zariya, kuma duk hoton da na buɗe a kwamfuta sai raina ya ɓaci. Ga kurciya, amma a bayanta ga igiyar shanya da tankin ruwa da katangar bulo. Ita kanta ta fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Na ɗora wa kyamara laifi, har na fara tambayar farashin wata. Ashe matsalar tana wurin da nake tsayawa.

Tagar ɗakina gabas take kallo, to da safe rana tana bayan tsuntsun, tana dukan gilashin kyamara. Da na gane haka sai na bar ɗakin, na koma gefen gabas na tsakar gida, na kafa zana, na huda mata rami daidai bakin gilashin. Yanzu rana tana bayana. Da zarar ta hayo katanga, wajen ƙarfe 7:30, haskenta na sauka a ƙirjin tsuntsu, kuma ɗan farin ɗigon nan na bayyana a ƙwayar idonsa. Idan babu wannan ɗigo, idon kan zama kamar na gunki. Daga ƙarfe 10 na daina ɗauka, domin hasken ya yi tsauri, inuwar kai ta rufe ido.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne reshe. Da farko gero nake watsawa a ƙasa, sai in samu hoton bayan tsuntsu yana tsattsaga a kan siminti. Na lura kafin kanari ko marai ya sauka kan kaskon ruwa, sai ya fara tsayawa a wani abu mai ɗan tsayi, ya waiga hagu da dama. Wannan tsayuwa ta daƙiƙa biyu ko uku ita ce hoton. Sai na samo siririn reshen magarya, na ɗaure shi a jikin turke, kamu biyu sama da kaskon, a ɗan karkace. Na taɓa gwada reshe mai kauri, a hoton ya danne ɗan jan tsuntsun nan baiwar Allah, idon mai kallo ya tafi kan itace. Ƙaramin tsuntsu, reshen da yatsunsa za su zagaye shi ya dace da shi. Na kuma kawar da sauran wuraren sauka da ke kusa, don kada ya samu zaɓi.

Sai batun baya. Reshen yana mita 4 daga inda nake zaune, katanga kuma tana mita 8 a bayansa. Da gilashi mai milimita 300, mai jawo nesa kusa, a buɗe f/5.6 (ma'aunin faɗin ƙofar shigar haske), katangar ta narke a hoton, ta yi dishi-dishi. Na jingina mata tsohuwar tabarmar kaba, launin ya koma ruwan ƙasa mai laushi. Nakan zauna a kan kujerar tsuguno domin idona ya yi daidai da na tsuntsun, in bar fili a ɓangaren da bakinsa ke kallo, in tabbatar ban yanke jela ba. Saurin ƙiftawar kyamara ba na barin ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, ko da zan ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 800.

A rani ruwa ya fi gero jan tsuntsaye nesa ba kusa ba. Hazon hunturu kuwa, da mutane ke kuka da shi, ni alheri ne gare ni: yana tace rana, launin gashi ya fito ba tare da ƙyalli ba. Sai dai a riƙa goge ƙura. Wani abin da ban zata ba, a watan Disamba rana na fitowa ta kudu maso gabas, a Yuni kuma ta arewa maso gabas, don haka dole na riƙa matsar da zanar.

Wata safiya yaron maƙwabcinmu ya gan ni ina ta jira, ya ce, "Kawu, in kama maka da asuta mu ɗaure masa ƙafa a reshen mana." Na ce masa a'a, na zaunar da shi kusa da ni. Tsuntsun da ke cikin tsoro yakan lafe gashinsa, ya buɗe baki yana haki, kuma ni ba zan iya kallon irin wannan hoto ba. Tunda ni na kira su, haƙƙinsu yana wuyana: kullum ina wanke kaskon in sauya ruwa, saboda cuta na yaɗuwa tsakanin kurciyoyi a ruwa mai datti, kuma na nisanta shi da inda kyanwa za ta laɓe. Duk wanda na nuna wa hoto ina gaya masa ni na kafa reshen.

Ran nan mun yi kusan minti 40 shiru ni da yaron. Can sai ga namijin baiwar Allah ya dira a ƙarshen reshen, ya juyo da kai wajen rana. Na bar yaron ya danna kyamarar da hannunsa.