Godiya ga duk wanda ya sa hannu a darasin Turanci na masu shirin WAEC da JAMB

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin malaman da suka ɗauki nauyin darasin Turanci na kyauta ga 'yan aji shida na sakandare da masu sake zaman jarrabawa a nan Jos, muna sanar da iyayenmu da 'yan uwa cewa an kammala zangon bana lafiya. An yi jarrabawar gwaji, an gama makin, an raba sakamako ranar Asabar da ta wuce. Alhamdu lillahi.

Muna godiya ga Alhaji mai makarantar da ya ba mu aron azuzuwa bai karɓi ko sisi ba, da mai unguwa, da limamanmu da suka yi ta sanarwa bayan sallar Juma'a. Iyayen da suka riƙa turo yara daga Rikkos, Gangare, Unguwar Rogo, Dilimi da Nasarawa, har da masu zuwa daga Bukuru cikin sanyin nan na Jos, Allah ya saka muku da alheri, ya nuna muku amfanin yaran.

Amma yabon gwani ya zama dole. Godiya mafi girma ta malaman da suka kwashi takardun insha'i zuwa gida ce, suka bi su layi-layi da jan biro. Tsayawa gaban allo a karanta dokokin nahawu ba shi da wahala. Aikin da ke ɗaga makin yaro shi ne a sa shi ya rubuta, a zagaye masa kurensa, ya sake rubutawa. Ga dalili. A takarda ta biyu ta WAEC, insha'i kaɗai maki 50 ne cikin 100, kuma ana son kalmomi kusan 450. Ana raba makin gida huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan na ƙarshen, kowane kure na nahawu ko na harafi ko na aya yana cin rabin maki. Kure ashirin ke nan ya cinye goman duka, kuma yaron da ba a taɓa yi wa gyara ba yakan tara ashirin ɗin tun bai gama shafin farko ba. Shi da kansa ba zai gani ba, don a idonsa daidai ya rubuta.

Kurakuran da masu makin suka fi zagayewa ba baƙi ba ne. Akwai fara labari da lokacin da ya shuɗe a koma na yanzu a tsakiyar sakin layi. Akwai liƙa "s" a kalmomin da ba a ƙirgawa, a rubuta "informations" ko "furnitures" ko "advices". Akwai rashin jituwa tsakanin aikau da aikatau, musamman a jimla irin "one of the boys is", inda kunne ke jan yaro ya sa "are" saboda "boys" ce ta fi kusa. Sai barin "a" da "the", da rubuta sunan gari ko na rana da ƙaramin harafi, da salon taƙaita kalma na WhatsApp da ke kutsowa cikin takardar jarrabawa. A wasiƙar neman aiki ko ta koke ga hukuma kuwa, adireshi biyu ake sawa, da kwanan wata, da take, a rufe da "Yours faithfully", sa hannu, sannan cikakken suna. Da yawa sun manta take, wasu sun gaishe da shugaban ƙaramar hukuma har da tambayar iyali, kamar kawunsu suke rubuta wa.

Inda muka fi son iyaye su sa ido shi ne taƙaitawa, wato sashen takardar da ake ba yaro nassi ya fito da manyan maganganunsa a taƙaice. Maki 30 ne, galibi jimla shida, kowace maki 5, kuma nan ne kiredit ya fi suɓucewa. Yaro ya fahimci abin da ya karanta sarai, amma sai ya kwafo jimlar marubuci yadda take, da misalanta da adonta. Wannan kwafe ba ya samun komai. Wani ya ba da amsa daidai amma ba a cikakkiyar jimla ba, a rage masa. Wani ya cusa hujja biyu a jimla ɗaya don nuna ƙwazo, a ba shi makin ɗaya. Hanyar da aka koya musu ita ce su fara karanta tambayar, sannan nassin. A kowane sakin layi su nemo jimlar da ke ɗauke da babbar magana, su ja mata layi da fensir, su zubar da duk abin da ya biyo bayan "for example" ko "such as". Daga nan su ɗauke ido daga nassin, su faɗi maganar da kalmominsu, gajere, jimla ɗaya hujja ɗaya. Malaman da suka dage a kan wannan atisaye duk da ƙorafin ɗalibai cewa ya gundure su, mun gode. Bambancin ya fito fili tsakanin takardun farkon zango da na gwajin ƙarshe.

Muna kuma godiya ga bayin Allah da suka kawo tsofaffin jaridun Turanci da ƙamus-ƙamus. Wasu sun ɗauka ƙaramar gudummawa ce, alhali da ita aka yi darasin fahimtar karatu da na kalmomi. Haddace jerin kalmomi da ma'anarsu ba ya kai yaro ko'ina, domin tambayar da ake yi ita ce ya kawo wata kalmar da za ta zauna a gurbin wadda aka ja wa layi ba tare da jimlar ta karye ba. In kalmar aikatau ce a lokacin da ya shuɗe, madadinta ma haka zai zo. In jam'i ce, jam'i. Wanda ya kawo ma'ana daidai a siga ta daban ya rasa makin. Shi ya sa aka ce kowa ya buɗe ƙaramin littafi, duk sabuwar kalma ya rubuta ta tare da jimlar da ya tsince ta a ciki, ya ƙara tasa jimlar a ƙasa. Kalma biyar a rana ta wannan hanya ta fi hamsin na hadda. Haka tambayar nan da ba ta fashi, ta sunan wani yanki na jimla a nahawu da aikin da yake yi: a fara duba ko akwai aikatau mai ɗauke da lokaci a ciki, shi ke raba ganga ("clause") da yankin jimla ("phrase"), sannan a nemi kalmar da yake bayani a kanta.

Malamar da ta ɗauki darasin furuci, da ɗan uwan da ya ba da aron sifika, Allah ya biya ku. Takarda ta uku ta WAEC, wato ta furuci, tambaya 60 ce cikin minti 45, kuma a rubuce ake amsa ta, amma wanda bai taɓa jin sautin da kunnensa ba canka kawai zai yi. Bahaushe na da wuraren tuntuɓe sanannu: "p" da "f", sautin "th", baƙaƙen da ke haɗuwa babu wasali tsakani, da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar "b" a "debt" da "t" a "listen". Yana da tasa ribar kuma. Wanda kunnensa ya saba raba dogon wasali da gajere a Hausa ba ya daɗewa wajen raba "ship" da "sheep".

Ga mai cibiyar kwamfuta da ya buɗe mana ɗakinsa, godiya ta musamman. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya in aka raba daidai. Yaron da bai taɓa zama gaban na'urar ba yakan ƙone minti goma yana neman inda zai danna. Yanzu sun san A zuwa D na zaɓen amsa ne, N na gaba, P na komawa baya, S kuma na miƙa aiki, ba a kusantarsa sai an gama. An kuma nuna musu su fara da gajerun tambayoyin nahawu da kalmomi, su dawo kan dogon nassi daga baya. Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, maƙwabcin da ya jawo janaretonsa da mansa ya fitar da mu kunya.

Ba mu manta da iyayenmu mata da suka aiko da kunu da masa ranar gwaji ba, da mai shagon buga takardu da ya yi mana rangwame, da 'yan Keke Napep da suka riƙa sauƙaƙa wa ɗalibai kuɗin mota, da matasan da suka share azuzuwa suka jera benci. Wanda ba mu ambata ba ya yi mana afuwa, Allah ya san da shi.

Saura roƙo ga iyaye, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A makonnin da suka rage, a ba yaro awa ɗaya a rana babu aike babu waya. Insha'i ɗaya a mako, a sa masa agogo minti 50. Taƙaitawa biyu, minti 40 kowace. Nassin fahimta minti 30. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani in ya amsa da kansa kafin ya leƙa amsar da ke bayan littafi, kuma a sani wasu littattafan kasuwa na ɗauke da amsoshin da ba daidai ba, duk wadda ya yi shakka ya kawo wa malami. Masu JAMB su karanta littafin labarin da hukumar ta sa da kansu, kada su dogara da taƙaitaccen bayanin da ke yawo a waya. Masu tallar amsa a daren jarrabawa kuma a guje su, kuɗi za su ci, wanda aka kama kuwa sakamakonsa ne zai tafi.

Ɗaliban da ba su karɓi takardunsu na gwaji ba su zo makarantar ranar Asabar bayan la'asar, kowa da littafinsa na kalmomi. Wanda ya samu ƙasa da rabi a taƙaitawa ya zo da shirin zama, akwai malaman da suka yarda su sake bi da su ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya saka wa kowa da mafificin alheri. Amin.