Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sunansa Na Littafin Bature

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya a rabon gonar Kwami, inda ɗan baffanmu ya kalli idona a gaban mutane ya ce kakanmu tsintacce ne, wai babu wanda ya san ubansa. Shekara goma sha huɗu kenan amma wallahi har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. A gaban 'ya'yana fa ya faɗa.

Ni kuwa tun ina yaro maganar Goggo ɗaya ce, in ana hirar asali sai ta ce ku bar wahalar da kanku, sunansa na littafin Bature, an rubuta shi a Nafaɗa. Haka take faɗa tana kaɗa nono ko tana tsince shinkafa, bata taɓa canza ko kalma ɗaya ba. Abin da muka sani shi ne ya shigo Nafaɗa yana ƙaramin yaro bayan yaƙin Bormi na 1903, wanda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, mutane suka watse uwa ta rasa ɗa, ɗa ya rasa uwa. Da aka maida sarautar Gombe Nafaɗa a 1913 yana can, da aka sake tasowa zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919 ya biyo ayari, shi ya sa gidanmu ke cikin tsohon gari.

Toh ni na yi aikin ƙidaya a 2006, lokacin ina koyarwa a firamare. Na zaga gida gida da jaka da fom, in rubuta sunan kowa har jaririn goye, in shafa masa tawada a babban yatsa, addini da ƙabila ne kawai ba a tambaya ba a wannan karon. Shi ya sa na ɗauka haka aka yi tun zamanin Turawa, na ce ai in akwai ƙidayar 1921 da ta 1931 da ta 1952 to dole sunan kakana yana ɗaya daga ciki, kuma in an rubuta shi ai an rubuta ubansa. Na sayar da tunkiya biyu na hau mota zuwa Kaduna gidan adana tsofaffin takardu.

Kwana uku na yi ina buɗe fayil ɗin Lardin Bauchi, don a lokacin Gombe a ƙarƙashinsa take. Takardun sun yi ja, gefensu na ɓarewa in ka taɓa da ƙarfi, ga warin ƙura, wani dattijo ma'aikaci Allah ya saka masa da alheri shi ke ɗauko min su ɗaya bayan ɗaya. Rahoton Di'o ne, wato Baturen mulki, na kimanta haraji: gari kaza, maza baligai kaza, mata kaza, yara kaza, shanu kaza saboda jangali, har awaki da jakuna an ƙirga. Sunayen da na gani na hakimai ne da dagatai. Talaka kuwa lamba ne kawai a cikin layi. Dattijon ya ce min ai ƙidayar 1931 ma a Arewa yawancinta daga lissafin haraji aka tattaro ta, shi ya sa mutanen da suke jin an ce ƙidaya sai su tura samari daji, don a wurinsu ƙirga kai da biyan kuɗi abu ɗaya ne. Na zauna a benci na rasa abin da ke min daɗi, maganar Goggo na ta yawo a kaina, sunansa na littafin Bature, to wane littafin?

Na dawo ban gaya wa kowa ba, don na san in labari ya kai kunnen wancan zai ce ai dama ya faɗa. Shi da ko fatiha bai taɓa zuwa yi wa tsohon a maƙabarta ba, amma gonarsa ya iya ci.

Sai bayan rasuwar Goggo, ana raba kayanta, matata ta buɗe tsohuwar adakarta ta ƙarfe. Can ƙasan zannuwa akwai wani ƙullin fata kamar laya, muka kwance a hankali, ashe rasit ɗin haraji ne guda biyar an naɗe su tare, kowanne bai kai tafin hannu ba, da hatimin En'e ta Gombe, kuɗin ma da sule aka rubuta. A da namiji ba ya tafiya sai da wannan takarda a aljihu ko cikin hula, don in dogari ya tare ka babu ita ka shiga uku. A huɗu sunansa ne kawai da unguwa. A na biyar, wanda ya fi tsufa, malamin haraji ya rubuta sunansa, ya sa ɗan, ya rubuta sunan ubansa, a gefe kuma Nafaɗa. Na karanta ya fi sau goma hannuna na rawa, na fita bayan ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta. Ita da bata san boko ba, shekara nawa tana ajiye da shi tana gaya mana, mu muna ɗauka zancen tsofaffi ne.

Na kai an yi min hotonsa an manne da leda, na asalin yana wurina ba mai taɓa shi. Ban kai wa ɗan baffan nan ba tukuna, sai da na fara bin hanyar Bajoga zuwa Nafaɗa da sunan a rubuce, na sami wani tsoho a bakin kogin Gongola da ya ce ya san gidan. In Allah ya kai mu mako mai zuwa zan faɗa muku abin da ya gaya min.