Mako na bakwai: injin ya cije, na sake kwance shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon wannan aiki. Wancan makon na ce muku ranar Asabar za ku ji labarin tashin injin Golf 3 ɗin da nake haɗawa a garejin maigidana a Kurna. To, bai tashi ba, domin ni ne ban bari an murɗa makulli ba. Rabin abin da na ɗaura sai da na sake kwancewa.

Ga inda aka kwana. Injin 1.8 ne mai silinda huɗu da bawul takwas, faɗin kowace silinda milimita 81. An wasa kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, an rage masa milimita 0.25, na sayo metal, wato siraran ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, daidai wannan awon da sababbin ringi a Ƙofar Ruwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na gama zura fistin huɗun, na ɗora sifana a kan notin fuli na juya. Ya tafi kamar rubu'in zagaye, sai ya cije. Na ƙara ƙarfi ya wuce, ya yi laushi, da ya zagayo daidai wurin nan ya sake cijewa.

Mutum uku suka leƙo, duk bakinsu ɗaya: "Sabon ringi ne, haka yake. Ka rufe kawai. In kik ya kasa juya shi a ja motar da igiya, yana ɗaukar zafi zai saki." Duk wanda ya taɓa zaman gareji a Kano ya ji wannan maganar, kuma akwai gaskiya a cikinta, abin da ya sa take cutar da mai koyo ke nan. Sabon ringi a cikin silindar da aka goge dole ya yi ja. Amma da maigida ya dawo ya karɓi sifanar, zagaye biyu kawai ya yi ya ajiye.

"Kai, taurin ringi ba ya zaɓar wuri," in ji shi. "Wannan wani abu ne ya danne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga ina zan fara?"

Ya ce, "Daga abin da ka ɗaura a ƙarshe, kana komawa baya."

Bari in tsaya a kan abin da hannu ya kamata ya ji, don nan ne na fi ƙaruwa a makon nan. Kiranshaf shi kaɗai, kwance a kan metal ɗinsa biyar, an shafa baƙin mai, an ɗaure marufan da ke riƙe shi da sifana mai awo kamar yadda littafin injin ya ce, ya kamata ka kama shi da hannu tsirara ya juya, sumul, ko'ina iri ɗaya. Ba a ɗaure marufi biyar a tashi ɗaya sannan a gwada. Ka ɗaure ɗaya ka juya, ka ɗaure na biyu ka juya. Wanda ya kawo tauri zai tona kansa nan take. Tazarar da ke tsakanin ƙarfe da metal, wadda mai ke shiga ya raba su, ƙanƙanuwa ce ƙwarai: ƙa'idar da aka saba ita ce kimanin milimita 0.025 ga kowace milimita 25 na kaurin wurin, wato a irin wannan inji ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ku auna wannan da ƙurar hunturun da muke ciki. Ƙwayar yashi ɗaya a bayan metal ta isa ta ɗaga shi ta cinye tazarar. Ni yanzu ko fita shan ruwa zan yi sai na lulluɓe bulok da leda.

Da an fara saka fistin, nauyi zai ƙaru kaɗan-kaɗan da kowanne. Idan huɗun suka shiga, hannu tsirara ba zai iya ba, amma hannu ɗaya a kan sifana mai tsawon kamu ɗaya ya isa. Farkon motsawa ya fi wuya, da ya motsa sai ya bi. Za ka ji ya ɗan yi sauƙi lokacin da fistin suka kai ƙarshen sama da ƙasa, ya ɗan ƙara ja a tsakiyar hanya, a hankali, ba tare da wani karo ba. Idan sai ka zura bututu a sifana ko ka sa ƙafa, wannan ba sabunta ba ce.

Na bi maganar maigida. Na sassauta marufin konrod na huɗu (konrod shi ne ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf), babu canji. Na sassauta na uku, rabin taurin ya tafi. Na biyu kuwa ina sakinsa injin ya sake gaba ɗaya. Ashe marufan biyu ne suka yi musanye. Lokacin kwancewa da alƙalamin maka na rubuta lamba a jikinsu, fetur ɗin wanki ya goge rubutun, na mayar da su da ka. Kowane marufi tare da konrod ɗinsa aka huda shi a masana'anta, ramin ba ya zama da'ira sosai sai da abokin haɗinsa. Da na ɗaga metal ɗin zuwa haske, ga wani siririn layi yana ƙyalli a gefe, inda ƙarfe ya goga ƙarfe, alhali da hannu kawai aka juya shi sau kaɗan. Da an ja motar da igiya, ba na jin za mu kai Gadar Lado metal ɗin bai narke ba.

Wani ya ce in shafa masa sanfefa in mayar. Ban yarda ba, kuma ina roƙonku kada ku yarda. Fuskar metal wani lallausan shafe ne siriri, kana goge shi ka cire abin da aka saya dominsa. Na koma kasuwa na sayo wani, kuɗin ya yi mini ciwo, amma bai kai kuɗin sake wasa kiranshaf ba. Wannan karon na auna kowane wuri da zaren Plastigauge kore, wanda ake matsewa tsakanin ƙarfe da metal don a gane tazarar, a bushe, ba tare da juya komai ba, na kuma duba bakin kowane ringi a cikin silindarsa da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, don ringin da bakinsa ya matse zai haɗe idan ya yi zafi ya kankare silinda. Lambobi kuma da ɗigon ƙarfe na buga su.

Jiya Lahadi na ɗora top silinda da taimin bel. Ba fulogi, na juya zagaye biyu cikakku, domin sai kiranshaf ya yi biyu kamshaf ke yin ɗaya, alamomin kuma suka dawo inda na bar su. Sifirin bawul ya ƙara ɗan tura da ja, amma babu inda ya tsaya ƙam. Da ya tsaya haka, da na ajiye sifana, don a injuna da yawa fistin ne ya taɓa bawul. Da na saka fulogi sai na ji iskar da ke matsewa sau biyu a kowane zagaye, tana turo hannu baya kamar roba, in ka dakata kaɗan ta sulale ta ba ka hanya.

Saura Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. Zan sake cire fulogi, in katse wuta da fetur, in juya da kik a gajerun bugu har fitilar mai ta mutu, sannan in mayar da su mu ji muryarsa.