Ranar Alhamis a littafin kiran suna

A shekarata ta biyu da fara koyarwa aka ɗora mini ajin 5e. Wata ƙaramar kwalejin gwamnati ce a Kamaru, irin wadda muke kira CES, a wani gari da bai kai tafiyar awa guda a kan babur daga Garwa ba. Direkta ya kira ni ofis, ya miƙo mini littafin kiran suna da tarin bulatin, wato takardun sakamakon yara, ya ce daga yau ni ne uban ajin: ni zan tara maki, ni zan ƙirga awannin fashi, ni zan yi magana da bakin ajin ranar da malamai suka zauna yanke hukunci. Na karɓa hannu bibbiyu ina jin kaina wani babba, alhali ko albashin gwamnati ban fara ci ba. Ƙungiyar iyayen yara, APEE, ita ke biyana daga ɗan abin da take tarawa.

'Yan'uwa na Najeriya, sai na ɗan warware muku tsarinmu na ɓangaren Faransanci. Yaro in ya gama firamare da takardar CEP, ya ci jarrabawar shiga, sai ya faɗa 6e. Daga nan ƙirgen baya-baya yake tafiya: 5e, 4e, sai 3e inda zai zauna jarrabawar BEPC. Kowane maki bisa 20 ake ba da shi, kuma darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Makin lissafi sau 4 ake ninka shi kafin a tara, na aikin hannu kuwa yadda yake ake zuba shi. In an tara an raba, abin da ya fito shi ne mwayen, wanda ya kai 10 ya haye. Saboda haka yaron da ke fashin lissafi ba a lissafi kaɗai yake faɗuwa ba, bulatin ɗin gaba ɗaya yake ja ƙasa.

Fashi kuma ba da kwana ake ƙirga shi ba, da awa ne. Duk malamin da ya shiga sai ya kira suna. Wanda ya iso bayan ƙarfe 7:30 ba ya shiga aji sai da 'yar takarda daga hannun surbeyan, mai kula da ɗa'a. Awannin kashi biyu ne, masu uzuri da marasa uzuri, uzurin kuwa ko takardar asibiti ko uba ya tako da ƙafarsa. Kowace makaranta da iyakar da dokarta ta cikin gida ta yanke. Tamu ta ce wanda ya haura awa 40 ba uzuri a shekara, a sallame shi.

Na so dokar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Dokar ilimi ta ƙasa ta 1998 ta hana dukan ɗalibi, ni kuwa na mai da biro bulalata. Kowace Juma'a sai in zauna in bi suna ɗaya bayan ɗaya, in ja yatsa daga hagu zuwa dama, in tara, in rubuta jimilla da jan biro. Ina alfahari cewa a duk makarantar babu littafin da ya kai nawa tsabta.

Akwai wani yaro a bencin baya, dogo, ba shi da surutu, ɗan wani mahauci. Kansa na ja. A darasina na tarihi da labarin ƙasa, in na zana Binuwai a allo shi ke tuna mini inda Mayo Kebbi ke zuba a cikinsa. Amma jimillarsa sai hawa take. Kafin hutun Disamba ya kai awa 19, na rubuta wa ubansa takardar kira da Faransanci mai kyau, na sa hatimi, na ba yaron ya kai. Shiru. A Fabrairu na sake, a Afrilu na sake. Na ce a raina, wannan uban bai damu da ɗansa ba. Ranar zaman ƙarshen shekara aka zo kan sunansa, na miƙe na karanta: awa 46, mwayen 9 da 'yan kai, takardar kira 3, uba bai zo ba. Ba a yi minti biyu a kansa ba aka sallame shi.

Cikin damina na shiga kasuwa sayen nama, sai ga yaron a bayan tebur yana sara ƙashi. Ya sunkuyar da kai. Dattijon da ke gefe ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Malam, ko kai ne malamin nasu?" Na ce ni ne, Baba. Ya share mini wuri a benci, ya ce in zauna, yana da tambaya. Me yaron ya yi? Ya yi sata ne, ko ya zagi wani? Na ce ko ɗaya, fashi ne, kuma har sau uku na aiko masa takarda.

"Takardun sun zo," in ji shi. "Na ce ya karanta mini, ya ce kuɗin makaranta ake tuni. Na biya."

Yaron da nake ƙara a kansa shi ne kaɗai mai karanta Faransanci a gidan. Uban yana karanta Alƙur'ani, yana rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami a wani ɗan littafi mai maiƙo. Da na aika da baki, ko na rubuta layi biyu da ajami, da ya zo. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ya biyo da ita. Ya ce shi ya san yaron na makara, don shi ke ɗauko nama daga mayanka da sassafe, ran Alhamis kuma da kasuwar garin ke ci ba ya iya tsayuwa shi kaɗai tun da ƙafa ta fara ba shi wahala. "Ni na ɗauka boko kamar allo ne, Malam. Wanda ya rasa safe ya biya da yamma. Allonsa na nan inda ya jingine shi."

Ni ma allo na fara yi kafin lakwal, wato boko, amma ban taɓa auna abin ta wannan fuskar ba. A makarantar allo kowa da inda ya tsaya. Wannan yana Sabbi, wancan yana Amma, wani ya kusa sauka, duk a zaure ɗaya. In ka yi kwana uku ba ka zo ba ka sha faɗa ko bulala, amma karatunka ba ya gudu ya bar ka, ka ɗauki allonka ka ci gaba daga ayar da ka tsaya. Boko kuwa mota ce, tashi take ko kana ciki ko ba ka ciki. An rubuta manhaja daga Yawunde, an raba ta zango uku, kowane babi da makonsa. Malamin lissafi in ya yi bayani ran Alhamis ya goge allo, shi ke nan, ran Litinin a kan wannan zai ɗora. Mu malamai muna ganin wannan abu ne da kowa ya sani. Dattijon nan ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma ba shi kaɗai ba ne a garin. A tunanin da ya tashi da shi, bai yi wa ɗansa wata ɓarna ba.

Na koma wurin direkta, ya ce alƙalami ya bushe. Uban kuma ba shi da ƙarfin makarantar kuɗi.

Da aka koma a Satumba na ɗauko tsohon littafin kafin in buɗe sabo. Wannan karon ban bi shi suna-suna ba, na bi shi daga sama zuwa ƙasa, rana-rana, awa-awa. Sai ga Alhamis ta yi ja tun daga sama har ƙasa, kuma a jadawalinmu lissafi na awa biyu ran Alhamis da safe yake. Makon da muka yi ta korar yara su je su kawo kuɗi shi ma ya yi ja. Kuɗin gwamnati na waɗannan azuzuwan sefa 7,500 ne, jaka bakwai da rabi, na APEE kuma ya hau kai, sau da yawa ma ya fi shi. Mu muka kore su daga aji da bakinmu, mu kuma muka rubuta musu fashi mara uzuri. Wannan ya ba ni kunya fiye da komai. Ƙarshen damina zazzaɓin sauro ya kwantar da wasu, amma wa zai biya kuɗin kati a asibiti saboda takarda, bayan ga mai shagon magani a bakin layi? Ɗan mai hali ya yi ciwo da uzuri, ɗan talaka ya yi irinsa ba uzuri. Sai lokacin dashen masakwa, sai tsinkar auduga, sai Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano.

Na 'yan mata ban gane ba sai da na nuna wa wata malama. Ta duba ta yi murmushi, ta ce, "Malam, kai namiji ne. Dubi tazarar kwanakin, sannan ka je ka dubi ban ɗakinmu ko yana da ƙofa." Ba shi da ita. A taron APEE na gaba aka sa.

Abin da na sauya ba wani babban abu ba ne. Na daina ba yaro takardar ƙararsa. Makon farko nake karɓar lambar wayar uba ko yaya ko kawu, in yaro ya kai awa 6 in kira, ko in tura saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa ko da Fulatanci. Wanda ba shi da waya in same shi a masallaci bayan Isha'i. Ranar raba bulatin na farko nakan tsaya in faɗa wa iyaye maganar allo da mota, da misalin da dattijon ya ba ni, ban taɓa faɗin wanda na ji daga bakinsa ba. Na roƙi a ɗauke lissafi daga safiyar Alhamis. Shekarar farko aka ce ba zai yiwu ba, don malamin lissafin makarantu biyu yake koyarwa. Shekara ta biyu aka yi.

Kada wani ya ɗauka na zama mai sassauci. Har gobe ina ganin iyakar awa 40 daidai ce, don yaron da ya rasa wannan adadin a 4e, shekarar da ake ƙara masa sabon harshe, Jamusanci ko Sifaniyanci ko Larabci, a kan Faransanci da Ingilishi, ba zai je 3e da ƙafa biyu ba. Kuma ba kowane fashi ke da dattijo mai ciwon ƙafa a bayansa ba. Na kira wani uba, ya rantse ɗansa kullum da inifom yake fita. Ashe cire rigar yake ya cusa a jaka, ya karɓi babur ɗin wani yana kilando har azahar. Wani uban kuma da ya gane zuwansa na wanke awanni, sai ya mai da abin sana'a, duk Litinin ya zo ya ce yaron ba shi da lafiya. Shi kam na gaya masa gaskiya a gaban surbeyan, bai ƙara gaishe ni ba.

Akwai kuma abin da muke ce wa yara su yi a gida. Muna cewa kowane dare a yi bitar awa biyu. Na faɗi haka ba adadi kafin in shiga gidajen. Ɗaki ɗaya, ƙanne biyar, littafi babu sai abin da aka kwafa daga allo, wuta kuma in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya sai a yi ta ɗauke ta. Yanzu ran Laraba, da ake tashi da wuri, nakan bar ajin a buɗe in zauna da wanda ke so. Wani makon su zo da yawa, wani makon in zauna da uku.

Wata yarinya ce a 3e, shugabar aji, ta yi mini tambayar da har yau ban amsa ba. Bayan yajin aikin da malamai suka fara a Fabrairun 2022 ne, wanda aka kira OTS, lokacin da ake zuwa makaranta amma ba a taɓa alli. Hakkin da malaman ke nema na gaskiya ne, wasu sun yi shekaru suna aiki kafin a daidaita musu albashi. Ina cike bulatin ta tsaya a gefena ta ce, "Misiye, namu awannin kai ke ƙirgawa. To naku fa?" Akwai littafin da kowane malami ke rubuta darasin da ya yi ya sa hannu, amma ban taɓa ganin an karanta jimillarsa a gaban iyaye ba. A daren na ƙirga nawa na shekarar, har da ranakun da na tafi Garwa bin takarduna da ranar sunan ɗana. Sun fi ƙarfin iyakar da muke sallamar yara a kanta.

Ɗan mahaucin yanzu shi ke riƙe da teburin, uban ya zauna gida. Wurinsa nake sayen nama, kuma duk yadda na hana sai ya yi mini gyara. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ne na tayar sau ɗaya na ba shi haƙuri, ya ce, "Haba Malam, ai ni na ɓoye takardun." Bara ƙaninsa ya shigo 6e, shi ya zo ya yi masa rajista, lambarsa ya bari. Ya ɗauki wani yaro da yake biya yana ɗauko masa nama daga mayanka. Ranar bulatin ya zo da rigar aikinsa, bai dubi mwayen ba tukuna, sai da ya kai yatsa can ƙasan takardar inda ake rubuta awannin fashi. Ya ga 2. Ya juya ya tambayi ƙanin wace rana ce.